Wa Ya Ba Da Umarnin Biyan Dala Miliyan 11?

A watan Yuni na 2018 wakilan wani kamfani mai suna Unatrac suka kai kuka gaban hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wato FBI. Unatrac a Ingila yake, kuma aikinsa fitar da kayan Caterpillar zuwa ƙasashen waje; Caterpillar kuwa shi ne kamfanin nan mai ƙera katafiloli da manyan janaretocin da masana'antunmu ke rayuwa da su in an ɗauke wuta. Kukansu shi ne kusan dala miliyan 11 sun fita daga asusun kamfani cikin kwana tara na watan Afrilu. Ba a fasa ƙofa ba, ba a yi wa banki kutse ba. Ma'aikatan sashen kuɗi ne da hannunsu suka tura kuɗin, biya kusan 15, kowane biya da takardarsa, kowace takarda da umarnin shugabansu, babban jami'in kuɗi na kamfanin. Shi kuwa bai ba da umarnin ba. Bai ma san ana yi ba.

Na ɗauko wannan labari ne saboda masu ƙananan masana'antu na Mubi da kewaye: mai injin casar shinkafa, mai matsar man gyaɗa, mai gidan burodi, mai kamfanin ruwan leda. Jarinsu bai kama ƙafar na Unatrac ba, amma yadda suke biyan kuɗin inji da kayan gyara a yau shi ne yadda aka bi aka cuci Unatrac. Saƙo ya shigo, an ga sunan wanda aka sani a kai, an tura. Yadda aka warware lamarin yana cikin takardar rantsuwar da wani jami'in FBI, Marshall Ward, ya gabatar wa kotun tarayya a jihar Virginia a 2019, kuma bakin zaren a ƙasarmu ya ƙare.

Duk wanda ya taɓa riƙe shago zai fara zargin ɗan gida. Kuɗi masu yawa haka ba sa fita sai da hannun wanda ya san wa ke sa hannu, ya san ranar da ake biya. In ba ɗan gida ba, to mai kwaikwayon maigida ne: ya buɗe adireshin imel mai kama da na shugaba, ya sauya harafi ɗaya da ido ba zai kama ba, ya rubuto a biya da gaggawa. An sha yin haka. A farkon 2016 kamfanin FACC na ƙasar Ostiriya, mai ƙera wa Airbus da Boeing sassan jirgin sama, ya sanar da asarar kimanin yuro miliyan 50 ta hanyar saƙon da aka rubuta da sunan shugabansa, kuma kafin shekarar ta raba an sallami shugaban da shugabar sashen kuɗinsa. A watan Agustan 2016 kamfanin Leoni na Jamus, mai ƙera wayoyin lantarki na motoci, ya yi asarar kimanin yuro miliyan 40 ta hanya makamanciyar wannan.

Na Unatrac ya sha bamban. Ko da ma'aikaci ya bi adireshin harafi bayan harafi ba zai ga kuskure ba, domin babu kuskuren. Saƙonnin daga ainihin akwatin shugaban kuɗi suka fito. Saboda haka tambayar farko ita ce, wa ke shiga akwatin nan ban da mai shi?

A lokacin kamfanin yana amfani da Office365 na Microsoft, kuma wannan tsari yana rubuta duk shigar da aka yi cikin akwati, da lokacinta, da lambar intanet ta na'urar da aka shigo da ita, wadda ke nuna ƙasar da mai shigar yake. Da aka buɗe rajistar sai ga shiga 464, a ƙalla, tsakanin 6 da 20 ga Afrilu, mafi yawansu daga Najeriya. A raba 464 kan kwana 15, ya kama kusan sau 30 kowace rana. Mutumin nan tarewa ya yi a akwatin. Yana ciki da safe, yana ciki da dare, yana karanta abin da mai akwatin ke karantawa, wataƙila ma kafin shi.

To da wane makulli? Da aka koma baya cikin wasiƙun shugaban, aka tsaya a kan ranar 1 ga Afrilu. A ranar wani saƙo ya shigo masa ɗauke da adireshin shafi, wai na shiga akwatinsa. Ya latsa. Shafin da ya buɗe an gina shi ne ya yi kama da na Microsoft sak, da gurbin suna da gurbin kalmar sirri. Ya rubuta kamar yadda ya saba. Shafin na bogi ne, kuma abin da ya rubuta kai tsaye hannun mai shafin ya tafi.

Kada kowa ya yi saurin raina wannan bawan Allah. Mutum ne da ya kai matsayin riƙe kuɗin babban kamfani, ba jahili ba ne, ba kuma sabon shiga kwamfuta ba. Irin wannan tarko ba wayon mutum yake gwadawa ba, sabonsa yake amfani da shi. Wanda ke rubuta kalmar sirrinsa kullum a shafi mai kama ɗaya ya daina kallon shafin tun tuni, hannunsa ne kawai ke aiki. Haka mu ma muke da wayoyinmu. Mutum nawa ne a kasuwar Mubi aka kira da murya mai ladabi, aka ce daga banki ne ko daga wata ƙungiya da yake ciki, aka ce ya karanto lambobi shida da suka shigo masa yanzu, ya karanto, WhatsApp ɗinsa ya koma hannun wani?

Kwanakin kansu suna da abin faɗa. An karɓe makulli ranar 1. Rajista ta fara nuna shiga ranar 6. Biya na farko bai fita ba sai ranar 11. A ganina waɗannan kwanaki na tsakani su ne zuciyar aikin, domin a cikinsu aka yi karatu: wa ke biya, wa ke tambaya, yaya shugaba ke rubuta wa na ƙasa da shi, wane adadi ne ba ya ta da hankalin kowa. Rajistar ta kuma nuna mai kutsen ya shiga ma'ajiyar takardun shugaban ta OneDrive ya duba takardu a ƙalla 15, yawancinsu na haraji da jadawalin tafiye-tafiyensa. Wanda ya san ranar da maigida ke cikin jirgi ya san ranar da ba za a same shi a waya ba.

Saura wani abin da ya fi ɗaure kai. Biya 15 cikin kwana tara, wasu na miliyoyi, a ce ba ma'aikaci ɗaya da ya rubuto yana tambaya, ko yana sanar da cewa an tura? In an rubuto, amsar ai akwatin shugaban za ta faɗa, shi kuma yana buɗe akwatinsa kullum. Ya aka yi bai gani ba?

Amsar tana cikin wani lungu na imel da yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Kowane akwati yana ba mai shi damar kafa ƙa'idar tace wasiƙu, ya ce duk wasiƙar da ta zo daga wane a kai ta wuri kaza. An yi abin ne don sauƙaƙa aiki. Rajista ta nuna tsakanin 10 da 17 ga Afrilu mai kutsen ya kafa ko ya gyara irin waɗannan ƙa'idoji har sau bakwai. Aikinsu shi ne su tare wasiƙun da ke tsakanin shugaban da ma'aikatan sashen kuɗi, su sa musu alamar an karanta, su kawar da su daga inda ido ke faɗawa zuwa wata jaka ta daban. Kamar a ce baƙo ya zauna a zauren attajiri, duk yaron shagon da ya zo da tambaya ya tare shi a nan, in ya ga dama ya ba shi amsa da sunan maigida, maigida yana ciki bai san an yi sallama ba. Ranar 10 aka kafa ƙa'idar farko, ranar 11 kuɗi suka fara fita. Sai da aka toshe kunnen maigida sannan aka buɗe asusu.

Takardun neman biyan su ma an yi musu aiki. An ɗauki tambarin Unatrac da samfurin takardun da ke cikin akwatin shugaban aka gina na bogi a kansu. Akwai kuma wata dabara da ke nuna mutumin ya san yadda ofis ke tafiya. Takardar neman biya daga waje take zuwa, daga mai sayar da kaya, ba shugaba ke ƙirƙirarta ba. Don haka sai ya aiko da ita daga wani adireshi na waje zuwa akwatin shugaban, sannan ya shiga akwatin ya miƙa ta ga sashen kuɗi, yadda ma'aikaci zai ga sawun wasiƙar cikakke: mai kaya ya aiko, shugaba ya gani, shugaba ya turo. Ranar 19 ga Afrilu tsakanin isowar irin wannan wasiƙa da miƙa ta kimanin minti biyu ne. Wani kamfani mai suna Pak Fei Trade Limited shi kaɗai an tura masa biya uku: dala 278,470, sai dala 898,461, sai dala 1,957,100. Lokacin da aka farga, kuɗin sun riga sun ƙetare, kuma abin da aka iya dawowa da shi kaɗan ne ƙwarai.

Zuwa nan an san yadda aka yi. Ba a san wanda ya yi ba. Lambar intanet ta ce Najeriya, amma Najeriya ƙasa ce mai mutum fiye da miliyan 200, kuma lambar da kamfanin sadarwa ya ba wayarka yau gobe tana wayar wani.

Abin da ya buɗe hanya ƙaramin abu ne. Cikin takardun da mai kutsen ya duba, ya sauke ɗaya mai ɗauke da wani ɓangare na bayanan harajin kamfanin, ya tura ta daga akwatin shugaban zuwa wani adireshin Gmail.  Wannan adireshi kuwa tsohon akwati ne da ake harka da shi. Jami'an FBI suka bi shi cikin rajistar masu mallakar shafukan intanet, inda mai sayen sunan shafi kan bar adireshinsa, suka tarar an yi rajistar sunayen shafuka da shi. Ɗaya daga cikinsu kwaikwayon sunan wani kamfani ne na Dubai, an cire harafin "i" an sa "l" a gurbinsa, biyun kuwa a ƙaramin rubutu kusan abu ɗaya ne. Wannan ya nuna mai akwatin ba yau ya fara ba.

A watan Nuwamba na 2018 kotu ta ba FBI izinin karɓar abin da ke cikin akwatin daga hannun Google. Abin da aka samu ya wuce batun Unatrac nesa. Akwai kalmomin sirri na akwatunan mutane fiye da 600. Akwai hotunan fasfo da lasisin tuƙi na mutane daban-daban. Akwai hirarraki da abokan aiki kan yadda za a gina shafukan bogi na karɓe kalmar sirri. Akwai kuma sawun wata damfara da aka yi wa Red Wing, tsohon kamfanin ƙera takalman aiki na jihar Minnesota, ta fiye da dala dubu 108. Amma har yanzu babu suna. Akwati ne mai laƙabi, kowa na iya buɗe irinsa.

Sai dai Google yana riƙe da abin da mai akwati bai rubuta da hannunsa ba. Yana sane da adireshin da ka ba shi na ko-ta-kwana in ka manta kalmar sirri. Yana kuma barin wata 'yar alama a na'urarka, wadda ke nuna masa akwatunan da ake buɗewa a waya ɗaya ko kwamfuta ɗaya. Ta nan aka ga akwatin laƙabin yana da 'yan uwa. Ɗaya daga cikinsu an taɓa sa shi a fili a dandalin Nairaland, ƙarƙashin wani suna, kuma sunan nan shi ne a Twitter, shi ne a Instagram, inda mai shi ke gabatar da kansa a matsayin shugaban rukunin kamfanonin Invictus.

Mai bincike na gari ba zai tsaya nan ba, domin mutum biyu suna iya amfani da kwamfuta ɗaya, ɗan uwa ko yaron ofis na iya aron wayar maigida. Ana buƙatar abin da zai nuna inda mai Instagram ya sa ƙafa, nan mai akwatin laƙabin yake. Mai Instagram ɗin da kansa ya ba da wannan hujja, saboda mutum ne mai son nuna inda yake. Ranar 31 ga Maris 2018 ya wallafa cewa yana tsibirin Seychelles, kuma rajistar Google ta nuna a ranar an shiga akwatin laƙabin daga Seychelles. Ranar 20 ga Afrilu ya nuna yana Ingila, akwatin ma daga Ingila aka buɗe shi. Daga baya ya wallafa cewa ya yi haɗari yana jinya, cikin hirarrakin akwatin kuma ga mai shi yana gaya wa abokin harkarsa cewa ya kwanta asibiti. Da aka duba takardunsa na neman bizar Amurka, adireshin da ya rubuta shi ne ɗan uwan akwatin nan da aka gani a Nairaland.

Sunansa Obinwanne Okeke, wanda aka fi sani da Invictus Obi. Ba ɓoyayyen mutum ba ne. A 2016 mujallar Forbes Africa ta sa shi cikin matasa 30 'yan ƙasa da shekara 30 da ake kallo a matsayin manyan 'yan kasuwar gobe, har hotonsa ya hau bangonta. An kama shi a watan Agusta na 2019 a filin jirgin saman Dulles da ke kusa da Washington, yana shirin barin Amurka. A Legas hukumar EFCC ta samu umarnin Babbar Kotun Tarayya na ƙwace kimanin naira miliyan 280 daga asusun da ke da alaƙa da shi. A watan Yuni na 2020 ya amsa laifin haɗa baki wajen damfara ta hanyar sadarwa, ranar 16 ga Fabrairu 2021 kotun da ke Norfolk ta yanke masa shekara goma. Laifin haɗa baki ne, domin ba shi kaɗai ba ne. Masu gabatar da ƙara sun ce shi da abokansa sun yi wannan harka daga wajen 2015 zuwa 2019.

Duk wanda zai mai da wannan labari batun ƙabila ko yanki ya ɓata hanya, domin EFCC tana kama masu irin wannan sana'a a biranen Arewa kamar yadda take kamawa a Kudu. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ke biyan bashin. Ɗan kasuwa mai gaskiya daga Mubi ko Kano da ya rubuta wa kamfani a waje yana neman inji, kafin a amsa masa sai an ƙare wa sunan ƙasarsa kallo, wani lokaci ma ba a amsawa.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ce ta shafe mu kai tsaye. Me ya sa masu ƙera kaya da masu sayar da injina? FACC, Leoni, Red Wing, Unatrac, duk layi ɗaya ne. A 2017 kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky ya fitar da rahoto kan hare-haren imel da ya danganta da wasu gungu a Najeriya, ya ce sun nufi kamfanoni fiye da 500 a ƙasashe fiye da 50, mafi yawansu na masana'antu: narka ƙarfe, lantarki, gine-gine, aikin injiniya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san masana'anta. Mai masana'anta kullum cikin biyan manyan kuɗi yake ga mutanen da ke nesa, waɗanda wasunsu bai taɓa gani ba. Tura dala dubu ɗari zuwa wata ƙasa a wurinsa aikin yau da kullum ne kawai. Kuma kullum cikin sauri yake, domin in inji ya tsaya yana jiran ƙarfe ɗaya, ma'aikata na zaune, ɗanyen kaya na lalacewa, masu oda na kira. Wanda ke cikin wannan hali in aka ce masa asusunmu na da ya samu matsala, ga sabo, tura nan kayanka su taso yau, da wuya ya tsaya tambaya.

Rahoton na Kaspersky ya ƙara wani abu mai ban tsoro. Cikin abin da aka tarar maharan sun kwasa akwai zanen injina, da taswirar gine-ginen masana'antu, da tsarin wayoyin lantarkinsu. Wato ƙofar da ake bi a kai ga asusu ita ce ake bi a kai ga inji. A ƙarshen 2014 hukumar tsaron bayanai ta gwamnatin Jamus ta ba da rahoton wata masana'antar ƙarfe, ba ta faɗi sunanta ba, inda aka fara da saƙon yaudara zuwa kwamfutocin ofis, daga nan aka tsallaka zuwa na'urorin da ke sarrafa aiki, har aka kasa kashe tanderun narka ƙarfe yadda ya kamata, ya yi mummunar lalacewa. Ranar 19 ga Maris 2019 kamfanin alminiyon na Norsk Hydro da ke ƙasar Nowe, mai ma'aikata kimanin 35,000 a lokacin, ya wayi gari an kulle kwamfutocinsa ana neman kuɗin fansa. Mafarin abin wasiƙa ce mai ɗauke da gurɓatacciyar takarda da wani ma'aikaci ya buɗe watanni kafin nan, daga abokin ciniki da aka sani. Kamfanin ya ƙi biya, wasu masana'antunsa suka koma aiki da hannu da takarda da biro, asarar ta kai wajen dala miliyan 70.

Mubi gari ne da cinikinsa ya ginu kan sanayya. A kasuwar shanu, wadda fatake ke shigo wa daga Kamaru da Chadi, akwai dillali, akwai shaidu, akwai fuskar da za a nema gobe in magana ta tashi. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya tura mutane da yawa zuwa tura kuɗi ta waya, har waɗanda a da ba su yarda da komai ba sai abin da suka ƙirga da hannu. Amanar ta biyo mu cikin waya, amma fuska da shaidu ba su biyo ta ba. Abin da ya rage suna ne da hoto a saman allo, su kuwa duk wanda ya riƙe makulli yana iya sa su. Mai injin da ke sayen kayan gyara daga Kano ko Legas ko Guangzhou ta WhatsApp yana tsaye daidai inda ma'aikatan Unatrac suka tsaya ranar 11 ga Afrilu. Bambancin kawai shi ne in abin ya same shi, babu FBI da za ta shekara tana bin sawun naira miliyan biyar ɗinsa, kuma miliyan biyar ɗin wataƙila ita ce jarin gaba ɗaya.

A sake duba labarin daga farko, a nemi inda da an tsaya da abin bai faru ba. Da akwatin shugaban yana da makulli na biyu, wato lambar da ke zuwa wayarsa bayan kalmar sirri, da abin da aka sace ranar 1 ga Afrilu bai isa ya buɗe ƙofa ba. Makulli na biyu yana nan kyauta a Gmail da WhatsApp, kuma kafa shi bai kai tsawon shan shayi ba. Amma wurin da ya fi muhimmanci a ganina ba na fasaha ba ne. Duk ƙoƙarin mai kutsen, da ƙa'idojinsa bakwai da jakarsa ta ɓoye, a kan abu ɗaya ya tsaya: kada shugaba da ma'aikatansa su yi magana ta wata hanya ban da wadda ke hannunsa. Kiran waya ɗaya, daga ma'aikaci ɗaya, kan biya ɗaya cikin 15, ya isa ya rushe ginin. Kuma mun san abin da ke hana irin wannan kira a wurarenmu. Yaron ofis yana jin nauyin ya tambayi Alhaji ko da gaske shi ya ce a tura, kada a ce ya raina maigida ko yana zarginsa. Maigida ne kaɗai zai iya cire wannan nauyi, ta hanyar faɗa da bakinsa, gaban kowa, cewa wanda ya kira shi don tabbatarwa ya yi daidai ko da tsakar dare ne.

Saboda haka, masu masana'antu na Mubi, duk ranar da aka ce muku lambar asusu ta sauya, ku dakata, ku kira mai kayan da kanku ta tsohuwar lambarsa da kuka sani, ba wadda ke cikin sabon saƙon ba. Kada babban biya ya fita da sanin mutum ɗaya. Wanda injinsa ke aiki da kwamfuta ya raba ta da wadda ake buɗe wasiƙu da kallon bidiyo a kanta. In kuma an riga an tura kafin a farga, a nufi banki a wannan sa'ar, kada kunya ta sa a kwana. Ga malamai da ɗaliban sashen kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa, dukansu a cikin garin nan, ina roƙonku ku nemi shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na masu injina, ku zauna da su da Hausa da Fulatanci, ku karɓi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya ku nuna musu inda ake sa makulli na biyu.